Tambaya da Amsa: Bindigar Gem da Talabijin Mai Doro

Wani malamin firamare daga Ringim ya rubuto: Assalamu alaikum. Muna da tsohuwar gem mai kaset, irin mai bindigar harbin agwagwa. Yara sun tambaye ni yadda talabijin ke sanin inda aka saita bindigar, na ce musu wani haske ne ke fita daga bakinta. Na faɗi daidai?

Wa alaikumus salam, Malam. Sai an koma wajen yaran an gyara, domin babu abin da ke fita daga bakin bindigar nan. Haske shiga cikinta yake yi. In aka buɗe ta, abu huɗu za a tarar: gilashin tattara haske a bakin bututu, wani ɗan ido mai jin haske a can ciki, makunni a bayan kunama, sai ƙaramin allon lantarki da ke ƙarfafa abin da idon ya gani. Talabijin kuwa bai san komai ba, nuni kawai yake yi. Lissafin duk a cikin gem ɗin yake.

Asalin wasan na kamfanin Nintendo ne na Japan, ya fito a 1984 da sunan Duck Hunt, bindigar kuma aka sa mata suna Zapper da ta isa Amurka a 1985. Yawancin waɗanda suka shigo kasuwanninmu kwaikwayo ne, amma dabarar ɗaya ce.

Talabijin irin namu na tsarin PAL yana sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa. Da an ja kunama, gem ɗin zai ɗauki ɗaya daga cikin hotunan nan ya mayar da allon baƙi ƙirin, ya duba ko idon bindiga yana ganin haske. Bai kamata ya gani ba. A hoto na gaba allon yana nan baƙi, sai dai an sa farin murabba'i a daidai inda agwagwar take. In idon ya ga haske a wannan karon, to bakin bindiga yana kallon agwagwa, an harbe ta ke nan. In bai gani ba, an kuskure, in kuma agwagwar ta tsere sai karen da ke cikin wasan ya fito ya yi dariya. In agwagi biyu ne a sama, sai a haska murabba'in ta farko, sannan na ta biyu a hoton da ke biye, gem ya lura a wanne hoto aka ga haske. Ƙiftawar da allo ke yi duk lokacin da aka harba ita ce wannan binciken. A sa yara su ɗauki bidiyon allon da waya mai iya rage gudun hoto, za su ga farin murabba'in da idonsu.

Bututun ma yana da aikinsa. Shi da gilashin ne suke taƙaita abin da idon ke gani zuwa ɗan fili kaɗan a allo, kamar mai leƙe ta ramin kara. Ba don su ba, da duk inda aka juya bindigar sai ta ce ta samu.

Wani matashi daga Ɗambatta: An ce in ka saita bindigar a ƙwan lantarki, duk harbi zai ci. Haka ne?

A Duck Hunt na asali ba ya ci, ƙane. Baƙin hoton farko don masu wannan wayon aka yi shi: bindigar da ta ga haske a lokacin da allo yake baƙi, ba allo take kallo ba, sai a soke harbin. Ban da haka, a cikin Zapper akwai matata da ke karɓar haske mai ƙiftawa daidai da gudun layukan talabijin, wajen sau 15,700 a daƙiƙa, ta yi watsi da haske tsayayye irin na ƙwai ko rana. Wasu bindigogin kwaikwayo masu araha ba a yi musu wannan matatar da kyau ba, daga nan labarin yake samun ƙafa.

Mai gidan gem a wani ƙauye kusa da Gumel: Na sayar da talabijin ɗina mai doro na sayo filasma. Hoto tangaram, kowane wasa yana yi, amma bindiga ta daina ci gaba ɗaya. Wani ya ce in sayi na'urar da ke mayar da wayar AV zuwa HDMI. In saya?

Kada ka saya, ranka ya daɗe, asarar kuɗi ce. Bindigarka lafiyarta ƙalau, allon ne ba irin nata ba.

Talabijin mai doro ba ya nuna hoto gaba ɗaya a lokaci guda. Ɗigon haske ɗaya tak ne yake gudu daga hagu zuwa dama, ya dawo ya ɗan sauko ya sake, kamar mai huɗa yana bin kunya-kunya daga kan gona zuwa ƙarshenta. Saurinsa ne ya sa ido ke ganin cikakken hoto, yadda yaro ke juya itace mai rushi da dare a ga kamar zobe. A tsarin PAL layi 625 ne, ana zana su a rabi biyu, kowane rabi cikin kashi ɗaya bisa 50 na daƙiƙa. Layi 15,625 ke nan a daƙiƙa, kowane layi maikirosakan 64, wato kashi 64 cikin miliyan na daƙiƙa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, abin da gem ya aika a take ɗigon yake zana shi, babu ajiya, babu jira.

Filasma, da duk sauran allunan zamani marasa doro da muke haɗawa mu kira filasma, ba haka suke ba. Sai sun karɓi hoton, sun mayar da shi lambobi, sun faɗaɗa shi ya cika allo, kafin su nuna. Wannan aikin yakan ci fiye da tsawon hoto ɗaya. Gem ya aika farin murabba'i, ya duba a cikin kashi ɗaya bisa 50 na daƙiƙar da ya ware, bai ga komai ba, ya rubuta kuskure, sai daga baya murabba'in ya bayyana, bayan an tashi kasuwa. Ko da jinkirin ya ragu, hasken allon zamani ba ya ƙiftawa da gudun layukan da matatar bindiga ke saurare. Na'urar HDMI ƙara jinkirin za ta yi.

Mafita ita ce a nemo mai doro, ko inci 14 ne, a ware masa kusurwa don wasan bindiga. Masu gyaran rediyo da talabijin suna da su jibge, har neman kai suke da su. A je da gem ɗin da bindigar a gwada kafin a biya. A guji manyan nan da aka rubuta wa 100Hz a goshi: doro gare su, amma suna ajiye hoto kafin su zana, bindiga ba ta ci a kansu.

Wani ɗalibin kwalejin fasaha daga Kazaure: Bindigar PlayStation ta wasan Time Crisis tana nuna ainihin wurin da harsashi ya faɗa, ko an kuskure. Ta agwagwa ba ta yin haka. Mene ne bambancin, kuma me ya sa take da ƙarin waya mai ruwan ɗorawa?

Ta agwagwa amsa biyu kawai ta sani, ya ci ko bai ci ba. Wannan kuwa, GunCon ta kamfanin Namco, wadda a Turai ake kira G-Con 45, agogo take amfani da shi. Tunda ɗigon haske yana bin hanya ɗaya da gudu ɗaya kullum, wanda ya san lokacin da ya tashi daga kusurwar sama ta hagu, ya kuma san lokacin da ya gifta ta gaban idon bindiga, ya san inda bindigar ke kallo. Adadin layukan da aka wuce shi ke ba da nisa daga sama. Lokacin da ya shuɗe tun farkon layin shi ke ba da nisa daga hagu. Daga maikirosakan 64 na kowane layi, kimanin 52 ne ake gani a allo, sauran na komawar ɗigo ne. Don haka in idon ya ga walƙiya maikirosakan 26 bayan fara ɓangaren da ake gani, bindiga tana tsakiya tsakanin hagu da dama. In a 13 ne, tana rubu'in farko ta hagu. Kuskuren maikirosakan ɗaya kacal, a allo mai faɗin santimita 40, ya kusa santimita guda, shi ya sa lokacin yake buƙatar tsantseni haka.

Wayar mai ruwan ɗorawa ita ke kawo wa bindigar alamar farkon kowane layi da farkon kowane hoto, kai-tsaye daga siginar bidiyo. Ana soka ta tsakanin wayar hoto ta PlayStation da talabijin. In an manta da ita, ko an soka ta a farar ko jar waya ta sauti, bindiga ba za ta san lokaci ba. Farin da allo ke yi baki ɗaya idan an harba, don ɗigon ya yi haske ne ko da wuri mai duhu ake saitawa. Light Phaser ta Sega da Super Scope ta Nintendo ta 1992 su ma da lokacin ɗigo suke aiki.

Kada a tsallake shafin daidaita saiti da wasan ke nunawa da farko. A tsaya a inda za a yi wasan, a harbi alamar tsakiya. In aka canja wurin tsayuwa sosai, ko wuta ta yi ƙasa hoto ya tsuke, a sake.

Wata uwa daga Wudil: Talabijin ɗinmu mai doro ne, amma bindigar yara wani lokaci ta ci, wani lokaci ta ƙi. Mu jefar?

A'a, Hajiya, a fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ƙurar hunturu tana taruwa a gilashin bakin bindiga: a naɗa auduga a tsinke, a ɗan jiƙa ta da sifirit, a goge a hankali, a kuma goge allon talabijin da busasshen ƙyalle, don shi ma janyo ƙura yake yi. A saki labule in rana na dukan allon, a kashe ƙwan da ke kusa, musamman mai murɗaɗɗen gilashi. A tsaya mita ɗaya da rabi zuwa biyu.

Sai saitin hoto, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Mutane sukan ƙure hasken allo suna zaton zai taimaka, sai baƙi ya koma toka-toka, gem ya ga haske a hoton da ya kamata ya zama baƙi, ya soke harbi. A rage haske har baƙi ya zama baƙi na gaske, a ƙara bambancin fari da baƙi. In da rana tana ci amma da dare ta ƙi, lokacin da aka ɗora wa janareta kaya, ƙarancin wuta ne ke dusashe farin, a rage kaya ko a sa satabilaiza.

A kuma lura da allon idan an ja kunama. In ya ƙifta amma ba ta ci, matsalar a wajen ido ko haske take. In bai ƙifta ba sam, makunnin kunama ne ko waya, kuma wayar ta fi yawan tsinkewa a ciki daidai gindin mariƙi inda take lanƙwasa. Mai gyara zai auna kowace jijiya da mita yana motsa wayar, ya yanke santimita biyar ko goma, ya sake liƙewa da dalma. A tabbata kuma a rami na biyu na jikin gem aka soka bindigar, don a nan wasan agwagwa ke nemanta.

Bayan talabijin kam kada kowa ya buɗe a gida. Doron nan yana riƙe wuta ta dubban bolt ko an zare shi daga soket. Su kuma bindigogin kwaikwayo baƙaƙe masu kama da fistol, a bar su a ɗaki, kada yara su fita da su titi. Nintendo da kansa ya sauya launin tasa daga toka zuwa ruwan lemo a 1989 saboda irin wannan.

Wani daga Hadejia: To yaya na Wii yake yi a filasma?

Wii, gem ɗin Nintendo da ake saita allo da rimot, shi bai damu da irin allon ba. Sandar da ake ɗorawa a kan talabijin fitilu ce masu hasken da ido ba ya gani, biyar a kowane gefe, kyamarar kuma a bakin rimot take, tana auna inda gungun hasken biyu suke. In sandar ta lalace, kyandir biyu da tazarar kamar taƙi ɗaya a tsakaninsu suna iya maye gurbinta na ɗan lokaci, a dai nisanta su da labule da robar talabijin.