Dutsen kabari mai rubutun Larabci a Gao: wai akwai zinariya a ƙarƙashinsa?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni direban babbar mota ne, ina lodi daga Yamai zuwa Gao. Wani abokin harka ya nuna min hoton dutse mai rubutun Larabci a wata tsohuwar maƙabarta, wai wani malamin duba ya ce akwai zinariya a ƙasa, in zuba kuɗi a haƙa, dutsen kuma in ɗauko shi a mota mu sayar. Hankalina bai kwanta ba, don Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gara da hankalinka bai kwanta ba, kar ka ba da ko dala, kuma kar dutsen nan ya hau motarka.

Duwatsun kaburburan Gao ta ƙasar Mali sanannu ne a wajen masu binciken kayan tarihi. A Gao-Saney, gabas da garin, aka gano na sarakuna a 1939, wasunsu na marmara ne da aka sassaƙa can Almeriya ta Andalus, a Spain ta yau, aka ketaro Sahara da su, da rubutun Kufi, akwai mai ɗauke da shekarar 494 ta Hijira wato 1100 Miladiyya. Kusan shekara 400 kenan kafin a gina Kabarin Askiya, sarkin Songhai, a cikin Gao a 1495, wanda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2004.

To maganar zinariya, wallahi na gaji da ita, kusan kullum sai wani ya zo min da ita. Ka tsaya ka yi tunani, mutumin da aka rubuta bisimilla da sunansa da ranar rasuwarsa a kan dutse ai Musulmi ne, kuma tun yaushe ake binne Musulmi da dukiya? Likkafani ne kawai, sarki ne ko talaka. Mutane sun ji labarin Fir'aunonin Masar sai suka ɗauka duk kabarin da aka ƙawata taska ce, su kuma masu duba sun samu kasuwa, yau a ce a kawo baƙin bunsuru, gobe turare, jibi a ce aljanin da ke gadi ya matsar da tukunyar saboda wani a cikinku ba shi da tsarki, haka za a yi ta tatsarka har kuɗin gas ɗin motar ya tafi. In da gaske yana ganin zinariya ta cikin ƙasa me ya hana shi ɗaukar diga da kansa? Tudun Gao-Saney ɗin nan masu neman tsofaffin duwatsun wuya sun riga sun yi masa rami kan rami, kuma duk ramin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba ya cakuɗa ƙasar, ba mai iya sake gane me ya riga me. Shi ma dutsen da zarar an tumɓuke shi daga kan mai shi rabin bayaninsa ya tafi, balle a zo ana goge shi da burushin ƙarfe wai don rubutun ya fito, nan take haruffan ke cinyewa.

Ga kuma doka. Fitar da kayan tarihi daga Mali ba takarda laifi ne, kuma kai za a kama a boda, ba mai hoton ba. Ka tuna Ahmad al-Faƙi al-Mahdi, shekara 9 kotun duniya ta ICC ta yanke masa a 2016 kan rusa hubbaren waliyyan Timbuktu a 2012.

In dutsen na nan a wurinsa a bar shi. In an riga an cire, a sanar da ofishin kula da al'adu na Gao ko limamin unguwa da mai gari, a faɗa musu daidai inda aka ciro shi tun mai cirewar bai manta ba.