Amsa: Ina jazz ɗin yake a kiɗan Minutemen?

Ɗan'uwa, ka ce ka ji kiɗan da ke buɗe shirin talabijin na Jackass, aka ce maka na Minutemen ne, 'yan jazz punk, amma ka kasa kunne ba ka ji jazz ko ɗaya ba. Kana da gaskiya. Waccan waƙar, "Corona", ta fi karkata ga kiɗan iyakar Meziko, ba ita za ka auna su da ita ba.

Ni ma da na fara jin su a kaset, shekaru da dama da suka wuce, na ɗauka kaset ɗin ne ya lalace, don kafin in gyara zama waƙa ta ƙare. Ashe haka suke. Faifansu The Punch Line na 1981 waƙa 18 ne cikin minti 15 kacal.

Su uku ne, 'yan San Pedro, unguwar tashar jiragen ruwa a Los Anjeles: D. Boon a jita, Mike Watt a bes (jita mai kaurin murya), George Hurley a ganguna. Boon da Watt abokai ne tun suna 'yan shekara 13, 'ya'yan talakawa. A 1980 suka kafa Minutemen, kamfanin SST ke fitar musu da faifai.

Kada ka nemi mai busa. Jazz ɗin yana cikin yadda suka raba aiki. Boon ya sirance muryar jitarsa, tana yanka kamar reza, ya bar wa Watt sauti mai kauri gaba ɗaya. Shi kuwa Watt ba rakiya yake yi ba, nasa zancen yake, Hurley na kutsawa tsakaninsu yana karya kiɗan inda ba ka zata ba. Sa abin saurare a kunne ka bi bes kaɗai a waƙar "Viet Nam" ko "The Glory of Man". Sai da na yi haka sau uku kafin kaina ya waye.

Ka fara da faifansu Double Nickels on the Dime na 1984, waƙa 45. Sun ji wata ƙungiyar punk, Hüsker Dü, na shirin fitar da faifai biyu a haɗe, su ma suka ce ba za a bar su a baya ba. Da tsakar dare suke shiga situdiyo saboda ya fi araha, su tuƙa motarsu, su ɗauki kayansu da kansu. Wannan tsimin suke kira "econo". Faifansu na ƙarshe, 3-Way Tie, ni dai bai kama ni ba, ka bar shi sai daga baya.

Ranar 22 ga Disamba 1985 Boon ya rasu a haɗarin mota a hamadar Arizona, yana da shekara 27, ƙungiyar ta watse. Watt da Hurley sun kafa ƙungiyar fIREHOSE a 1986 tare da Ed Crawford. In ka gama da Double Nickels, dawo ka faɗa mini wace waƙa ce ta fara kama ka.