Matan Turai da littattafan tarbiyya a ƙarni na 16 da na 17

Tambaya: Malam, ina karanta tarihi a jami'a. An koya mana cewa a Ingila ta shekarun 1600 mata kaɗan ne suka iya sa hannu a takarda. To, littattafan tarbiyyar mata da aka yi ta bugawa a lokacin, wa ke karanta su? (Wata ɗaliba daga Zariya)

Amsa: 'Yata, abin da aka koya miki gaskiya ne, sai dai sa hannu ba ma'aunin karatu ba ne. Masanin tarihi David Cressy ya bi tsofaffin takardun kotu, ya ƙiyasta cewa a shekarun 1640 kusan mace ɗaya cikin goma ce ke iya rubuta sunanta a Ingila. Amma a wancan zamani karatu daban, rubutu daban. Da karatu ake fara wa yaro, alƙalami sai daga baya, kuma 'yan mata da yawa kafin a kai ga alƙalami an miƙa musu allura da zare. Ke ma kin san tsofaffi a gidajenmu da ke bin Alƙur'ani baƙi-baƙi, alhali ba su taɓa rubuta wasiƙa ba. Masu karatun sun fi masu sa hannun yawa nesa ba kusa ba.

Abin da aka rubuta musu shi ya fi jan hankalina. A 1524 aka buga littafin Juan Luis Vives, mutumin Sifen, kan tarbiyyar mace Kirista, wanda ya sadaukar ga Sarauniya Catherine, matar Sarkin Ingila Henry na Takwas. Ya kasa shi uku: budurwa, matar aure, da wadda mijinta ya rasu. Ya yarda mace ta yi karatu, har ya yabi mata masu ilimi, amma shi zai zaɓa mata abin da za ta karanta. Littafi mai tsarki da na magabata, bismillah. Labaran soyayya da na jarumai kuwa, kada ma ta taɓa. Ta riƙe kaɗin zare, kuma kada ta hau kujerar koyarwa. Wato ya ba ta da hannun dama, ya karɓe rabi da hagu.

Ba duka ne suka tsaya inda aka shata musu ba. Anna Maria van Schurman ta Holan ta iya Latin, Girkanci, Ibrananci har da Larabci. Da aka bar ta ta saurari lacca a jami'ar Utrecht a 1636, a wani lungu aka zaunar da ita bayan labule don kada ɗalibai maza su gan ta. Daga baya ta rubuta da Latin cewa ilimi ya dace da mace. A 1694 kuma Mary Astell ta rubuta littafi tana neman a gina wa mata wurin karatu nasu na kansu a Ingila. Ba a gina ba, amma littafinta ya karɓu, aka yi ta sake buga shi.