Hukuncin Tausar Ostiyofati ga Mai Juna Biyu da Jaririnta

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Cikina wata shida, ciwon baya da ƙugu yana hana ni barci. An nuna mini wani mai ostiyofati, namiji, wai yana gyara gaɓoɓi da hannu. Ya ce idan na haihu zai daidaita kan jaririn, kuma zai iya taimaka wa ƙanwata da ke neman haihuwa. Ya halatta mu je?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya sauke ki lafiya, 'yar'uwa.

Ostiyofati magani ne na hannu: tausa, miƙe tsoka da motsa gaɓoɓi. Wani likitan Amurka, Andrew Taylor Still, ya assasa shi a 1874, kuma a Birtaniya doka ta tilasta wa masu yin sa rajista. Babu tsafi a cikin asalinsa, saboda haka ya shiga ƙarƙashin hadisin Usama bin Sharik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, inda Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani.

Sai dai wannan magani gaba ɗayansa shafar jiki ne, kuma a baya da ƙugu, wuraren da suke al'aura. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Brunei a 1993, ta jera mataki: ƙwararriya Musulma, in babu sai wadda ba Musulma ba amintacciya, sannan namiji Musulmi, sannan waninsa, tare da miji ko muharrami ko amintacciyar mace, kuma ba a buɗe abin da ya wuce wurin ciwo. Ba na raina ciwonki, wanda bai ɗauki ciki ba bai san nauyinsa ba. Amma ciwo ne da mata masu gashin ƙashi da ungozomomin asibiti suke iya kula da shi, don haka bai halatta ki miƙa jikinki ga namiji ba matuƙar akwai mace. In kin nema kin rasa, ciwon kuma ya tsananta, ki je da maigidanki, ayi a kan tufafi gwargwadon iko, ba tare da keɓancewa ba. Ki fara shawartar likitar da ke miki awo. Zubar jini, ciwon kai mai tsanani, dishi-dishin gani ko raguwar motsin ɗa, waɗannan na asibiti ne nan take.

Maganar jariri ta fi damuna. Ƙasusuwan kansa ba su gama haɗewa ba, maɗigarsa a buɗe take har wajen wata 18, kuma matsewar da kai ke yi wurin haihuwa yawanci takan koma daidai da kanta cikin 'yan kwanaki. Binciken likitoci bai tabbatar da cewa tausar kai tana maganin yawan kuka ko ciwon ciki ba. Yaro amana ne, waliyyinsa ba ya taɓa jikinsa sai da maslaha bayyananniya, kuma hadisi ya ce babu cuta babu cutarwa. Kada ki kai shi.

Ita kuwa ƙanwarki, Allah Ya ce a Suratus Shura, aya ta 49 da 50, Shi ke ba wanda Ya so 'ya'ya, Ya bar wanda Ya so bakarare. Riƙon sababi wajibi ne ya zama sababi na gaskiya, kuma tausa ba a tabbatar tana buɗe toshewar bututun mahaifa ko gyara maniyyi ba. Su je ita da mijinta a gwada su tare, domin matsalar tana iya kasancewa daga namiji. Wanda ya yi alkawarin abin da bai da iliminsa ya tuna hadisin da Abu Dawud ya ruwaito: wanda ya yi likitanci alhali ba a san shi da shi ba, lamuni yana kansa.

Wallahu a'alam.