Zauren Matuƙa: Jirgin Arha da Tirela Mai Tsatsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Melbourne ta ƙasar Ostireliya, na ga wani dattijo ya saka ƙaramin jirgin ruwansa a kasuwa, irin mai tafiya da iska ɗin nan da ake ja a tirela a bayan mota, na faiba ne ƙirar shekarun 1970, tsawonsa kamar mita 6, kuma kuɗin da ya faɗa wallahi ko tsohuwar mota ba za su saya ba. Ya sha sabon fenti sai sheƙi yake. Abokaina na cewa in yi sauri kar a riga ni. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan sabon fentin da ya burge ka shi ne ya fi tayar min da hankali a duk wasiƙarka. Ba na ce dattijon macuci ne ba, amma jirgin da ya kusa shekara hamsin a duniya in ya yi kwalliya rana tsaka to sai ka tambayi me aka rufe.

Irin waɗannan jirage sun cika Ostireliya da New Zealand a shekarun 1970 saboda dalili ɗaya, ba sai ka biya kuɗin ajiya a tashar ruwa ba, ka ja kayanka ka kai gida ka ajiye a tsakar gida kamar akuya. Shi ya sa har yau za ka ga su Careel 18 da RL24 da Farr 6000 da Noelex birjik ana neman kai da su. Kuma ajiyar gidan nan ita ce ke cinye su, don ruwan da ke kashe tsohon jirgi ba na teku ba ne, ruwan sama ne da ke ɗiga ta ramin noti shekara da shekaru ba wanda ya lura.

Toh ranar da za ka je gani kar ka tafi hannu rabbana, ka riƙe tocila da sukudireba da 'yar ƙaramar guduma ta roba. Ka cire takalmi ka hau saman jirgin ka taka ko'ina da tafin ƙafarka, musamman gindin jigo, wato doguwar sandar nan da ke riƙe ƙyallen iska. Saman jirgin faiba yawanci hawa uku ne, faiba sama faiba ƙasa, katako mara nauyi a tsakiya, in ruwa ya shiga katakon tsakiyar nan sai ya ruɓe ya zama kamar jiƙaƙƙen biredi, in ka taka za ka ji wurin yana lotsawa. Ka ƙwanƙwasa da gudumar, wuri mai lafiya ƙara yake yi kas kas, ruɓaɓɓe kuma sai ka ji dum kamar ka bugi kabewa. In faɗin tafin hannu ne ana gyarawa a Asabar da Lahadi biyu. In rabin saman ne, ka yi wa dattijo godiya ka kama hanya.

Daga nan ka kwanta a ƙasa, eh ka kwanta, ka leƙa ƙarƙashinsa. Za ka iya ganin wasu ƙuraje a jikin faiba, in ka huda ɗaya ruwa mai warin binega zai fito. Mutane na tsorata da su amma a jirgin da ke kwana a tudu ba su cika zama babbar matsala ba. Abin tsoron shi ne kil, ƙarfen nan mai nauyi da ke sauka ƙarƙashin jirgi ya hana shi kifewa. A yawancin jiragen tirela naɗe shi ake yi sama da winci da waya, yana juyawa a kan ƙusa ɗaya tak. Misali Catalina 22 na Amurka da aka fara ƙerawa a 1969, nauyin kil ɗinsa ya kai wajen kilo 250, kai ka ƙiyasta me zai faru in wayar ta tsinke ya faɗo da ƙarfi. Ka shafa wayar da tsumma ba da hannu ba, in tsumman ya maƙale to silin wayar sun fara ɓallewa, a canza. Haka wayoyin da ke riƙe jigo, ƙa'idar da masu harkar ke bi ita ce a canza su wajen duk shekara 10 ko da ido bai ga komai ba, kuma ina tabbatar maka in ka tambayi dattijon yaushe ya canza zai kalli sama.

Yanzu ga inda na fi so ka saurara. Rabin abin da kake saye tirela ce. Sau da yawa sabuwar tirela ta fi tsohon jirgin tsada. Ni kaina na sha wannan, jirgina na farko na tsaya ina shafa fenti ina murmushi ban ko kalli tayoyi ba, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba na hango hayaƙi ta madubi, ashe boris ɗin tayar tirela ne ya ƙone ya kama, na wuni a bakin titi da jirgi a baya mutane na wucewa suna kallona kamar Annabi Nuhu ya yi saɓanin hanya. Abin da ke faruwa shi ne ka yi tafiya boris ya yi zafi, sai ka tura tirelar cikin ruwan sanyi kai tsaye, iskar da ke ciki ta tsuke ta zuƙo ruwa, ruwan gishiri ya gauraya da giris, shikenan. Maganin ba tsada, in ka isa bakin ruwa ka yi amfani da lokacin ɗaga jigo da ɗaura igiyoyi har ya huce tukun. Ka ɗaga kowace taya da jak ka juya ta, in tana gurnani ko tana girgiza gefe da gefe boris ya tafi. Ka soki ƙarfen tirelar da sukudireba ta ƙasa don tsatsa daga ciki take ci. Tayoyin ma kar zanensu ya ruɗe ka, tayar tirela tsufa ke kashe ta ba tafiya ba, akwai lambobi huɗu a gefenta, in ka ga 2314 ma'ana mako na 23 na shekarar 2014.

Sannan motarka fa? A nan Ostireliya tirelar da nauyinta da kayanta ya wuce kilo 750 dole ta kasance da birkinta, kuma jirgin mita 6 da inji da tarkace zai wuce haka nesa ba kusa ba. Faɗi kuma kar ya wuce mita 2.5. In 'yar ƙaramar motar ɗalibai gare ka, lissafinka ya ƙaru da kuɗin mota.

Shawarata ka ce masa kana so ku saka shi a ruwa tare, ku ɗaga jigo ku sauke kil ku zauna awa biyu ka ga ko ruwa na taruwa a ciki. Mai jirgin kirki zai ji daɗi ma, tsofaffin nan neman wanda za su koya wa suke. In ya fara kawo uzuri ka samu amsarka. Kuma duk abin da ka biya ka ware kwatankwacinsa na gyara, abokan naka masu cewa ka yi sauri ba da su za a yi gugar samfefa ba.

Tambaya: Malam don Allah ka raba mu. Maƙwabcinmu a Auckland ya ba maigidana kyautar tsohon jirgin katako wai shi Hartley, yau shekara biyu yana tsakar gida ko inda zan shanya kaya babu. Kwanan nan ya soka sukudireba a bayansa ta shige kamar a tuwo. Shi ya ce zai cike da gam, ni na ce a kai bola.

Amsa: Hajiya ku duka biyun kun yi gaggawa. Abin da ke tsakar gidanki ba tarkace ba ne, Hartley TS16 shi ake ɗauka a matsayin kakan jiragen tirela, Richard Hartley ɗan New Zealand ne ya zana shi a ƙarshen shekarun 1950 don mutum ya iya ƙera shi da fulawud a garejinsa, kuma har gobe ana tsere da su. Daɗin katako duk inda ya lalace ana yankewa a saka sabo.

Amma ki gaya wa maigida ba a cike ruɓa da gam, kamar a ɗinke gyambo ne da mugunya a ciki. Ya yanke wurin har sai ya kai katako mai ƙarfi mai haske, ya ƙara kaɗan, ya bar shi ya bushe sosai a ƙarƙashin rumfa. Ya nemo fulawud na ruwa ba na kafintan kujera ba, ya fereye bakin tsohon da sabon a karkace, tsawon feriyar ya ninka kaurin katakon sau 8, sannan ya haɗa da ifoksi. Shi ifoksi ruwa biyu ne ake gaurayawa, ya bi awon da aka rubuta a jikin gwangwani daidai, ƙara ruwan busarwa ba ya sa ya yi saurin kamawa, lalata shi yake yi ya zauna da danƙo. Ya sa safar hannu, kuma ya rufe da fenti don rana na cin ifoksi. Kafin duk wannan ya bi jirgin kaf da sukudirebar, in ruɓar ta kai akwatin da kil ke shiga da haƙarƙarin jirgin a wurare da yawa to ke ce da gaskiya.

Yau ɗin nan ma ya ɗaga gaban tirelar ya cire toshiyar baya don ruwan sama ya riƙa fita. Batun shanya kuwa, ki ba shi wa'adi zuwa Disamba lokacin bazararku.

Tambaya: Ni daga Kano nake, a YouTube nake kallon abin. Wai da gaske jirgi na tafiya ba inji alhali iska na bugo shi ta gaba? Kuma zai yiwu a dam ɗin Tiga?

Amsa: Da gaske ne ɗan'uwa, amma ba ya fuskantar iskar kai tsaye. Yana kaucewa kamar digiri 45, ƙyallen ya lanƙwashe ya yi aiki irin na fiffiken jirgin sama yana jan sa, kil kuma ya hana shi zamewa gefe, sai ya riƙa tafiya dama hagu dama hagu kamar mai jaki yana hawan tudu. Gudun ba wani abu ba ne, wajen kilomita 10 a awa, mai keke zai wuce ka. Amma haka ɗaruruwan mutane suka yi ta kwana a ruwa a tseren dare na Marlay Point a tafkunan Gippsland na Ostireliya, wanda aka fara tun 1969.

Tiga tana da faɗin da zai isa, kuma a Najeriya ma abin ba baƙo ba ne, kulob ɗin masu irin waɗannan jirage na Legas tun 1932 yake. Matsalarka kayan gyara ne da wanda zai koya maka. In ka samu, abu biyu. Kafin ka ɗaga jigo ko ka ja jirgi jigo a tsaye ka ɗaga kai ka duba wayar lantarki, jigon alminiyam ne kuma wannan kuskuren ya kashe mutane a ƙasashe da dama. Sai rigar ceto a jikin kowa tun daga bakin ruwa, kai ɗan Kano ne ba sai na tuna maka hatsarin jirgin ruwa na Bagwai a 2021 ba. Da damina in ka ga gabas ta yi baƙi ka rage ƙyalle tun iskar ba ta iso ba.

Tambaya: Ƙaramin injin bayan jirgina ya daina fitar da ɗan siririn ruwan nan, amma yana tashi lafiya. In ci gaba?

Amsa: Kashe shi yanzu. Wannan ruwan shi ne shaidar cewa injin na samun sanyi. Ka fara zura siririyar waya a ramin, sau tari gishiri ne ko zanzaro ya yi gini a ciki. In bai zo ba to 'yar farfelar roba ce ta famfon ruwa ta mutu, tana can ƙasa a ƙafar injin, ba ta da tsada, kuma daƙiƙu kaɗan na tayar da inji a bushe sun isa su ƙone ta. In ka ciro ta ka ƙirga fikafikanta, in ɗaya ya ɓalle ka nemo gutsuren kafin ka mayar da murfi.