Sai na rubuta dogon labari zan amsa sunan marubuciya?

Tambaya: Malam, shekara huɗu ke nan ina rubuta gajerun labarai. Duk sanda na ɗauko dogon labari, kafin babi na uku ya fita a raina. Ƙawayena suna cewa gajeren labari koyon hannu ne kawai. Haka ne?

Amsa: Ba haka ba ne, 'yar'uwa, kuma maganar nan tana yi mini ciwo, domin ta sa masu baiwa da yawa sun ajiye alƙalami. Gajeren labari fanni ne mai cin gashin kansa. Alice Munro ta ƙasar Kanada da shi ta yi suna har ta karɓi kyautar Nobel a 2013. Jorge Luis Borges na Ajantina bai taɓa rubuta dogon labari ko ɗaya ba, amma har gobe ana nazarinsa a jami'o'in duniya.

Bambancin yana ga yanayin aikin. Tun a 1842 Edgar Allan Poe na Amurka ya bayyana cewa ƙarfin gajeren labari shi ne a karanta shi a zama ɗaya, ya bar tasiri guda a zuciyar mai karatu. Dogon labari yana da filin da zai bi mutum daga haihuwa zuwa kabari. Ke kuwa taga ɗaya kika buɗe. Ki ɗauki tsohuwar da kullum da safe take goge takalman ɗanta, ta jera su a bakin ƙofa, alhali shekara bakwai ba a ji ɗuriyarsa ba. Ba sai kin ce tana kewarsa ba, takalman sun faɗa. Wannan tsimi na kalmomi yana da wuya ƙwarai, don jimla ɗaya maras amfani sai ta ɓata shafi gaba ɗaya.

Ba zan ɓoye miki ba, masu buga littattafai sun fi maraba da dogon labari, saboda ya fi tafiya a kasuwa. Shi ya sa da yawa suke fara tura labaransu ga mujallu da gasanni, daga baya su tattara goma ko sha biyu su fitar da littafi.

Sai dai ki duba abu guda: me yake faruwa a babi na ukun nan? In labarin ne ya riga ya ƙare, to dama gajere ne, ki datse shi a wurin. In kuwa taurarinki suna bin ki har wurin kwanciya da sauran magana a bakinsu, ki ajiye rubutun wata guda, sannan ki dawo ki saurare su.