Amsar Kawu kan littafin tsohuwar gidan hayarku

'Yata, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Saƙonki ya same ni tun ranar Laraba, amma na ƙi amsa shi a tsaitsaye. Kin ce tsohuwar da kike haya a gidanta a Pune, can Indiya, kullum da sassafe takan yi wanka, ta kunna 'yar fitilar mai, ta kwance wani littafi daga jan ƙyalle ta yi ta rerawa, kuma da mijinta ya rasu shi aka zauna ana karantawa. Ga shi yanzu ta ba ki na Turanci kyauta, kin rasa yadda za ki yi da shi, kina son sanin asalinsa da abin da suke samu a ciki. Shekara huɗu na yi a Indiya ina karatun aikin gona, biyu daga ciki ɗakinmu ɗaya da wani mai bin addinin Hindu, don haka abin ba baƙo ba ne gare ni.

Sunan littafin Bhagavad Gita, wato Waƙar Ubangiji a harshen Sanskirit. Baiti 700 ne cikin babi 18. Tun asali yanki ne daga wata doguwar waƙar tarihi mai suna Mahabharata, wadda ta kai baiti wajen 100,000. Masu addinin suna jingina ta ga wani malami na dā mai suna Vyasa, masana tarihi kuwa yawancinsu suna ganin an tsara Gita ne tsakanin ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, da ƙarni na 2 bayanta. Suna da littattafan da suka girme ta nesa ba kusa ba, su ne Veda, waɗanda suke kira "abin da aka ji". Amma Veda a hannun Birahmin, wato ajin malaman addininsu, ta zauna, ɗa ya haddace daga bakin uba. Gita ce ta shiga gidajen talakawa.

Labarin rikicin gadon sarauta ne tsakanin 'ya'yan wa da ƙani. Wan makaho ne mai 'ya'ya maza ɗari, ƙanin kuwa 'ya'yansa biyar. Sulhu ya ƙi, aka ja daga a filin Kurukshetra, wanda yau yake jihar Haryana, arewa da Delhi. Arjuna, gwanin baka cikin biyar ɗin, ya ce wa Krishna, mai jan ragamar keken dokinsa, ya kai shi tsakanin rundunonin biyu. Da ya ɗaga ido sai ya ga kakansa a ɗaya ɓangaren, ga malamin da ya koya masa harbi, ga 'yan'uwan da suka tashi tare. Bakinsa ya bushe, baka ya suɓuce daga hannunsa, ya zauna ya ce ba zai yi yaƙin ba. Sauran littafin amsar Krishna ce, wanda su suke ɗauka abin bauta ne da ya zo cikin siffar mutum.

Ki lura da inda aka fara, 'yata. Da mutumin da nauyi ya hau kansa aka fara, ya san abin da ya wajaba a kansa amma zuciyarsa ta karaya. Shi ya sa ba su ɗauke shi littafin karatu sau ɗaya a ajiye ba.

Abin da aka karanta a zaman makokin da kika gani, mai yiwuwa babi na 2 na ciki. A nan ne aka ce rai ba ya mutuwa, yakan tuɓe jiki ne kamar yadda mutum ke tuɓe tsohuwar riga ya sa sabuwa. A nan hanyarmu da tasu ta rabu, domin su sun yi imani rai yana ta dawowa duniya har ya kuɓuta, mu kuwa mutuwa ɗaya muka sani sai tashin ƙiyama. Ki san wannan bambanci sarai, kada wani ya ce miki duk ɗaya ne.

Amma baitin da na fi ji a bakin abokin zamana shi ne na 47 a wannan babi. Ma'anarsa: aikin ne naka, amfanin da zai fito ba a hannunka yake ba, kada ka yi aiki don kwaɗayin amfanin, kuma kada ka fake da haka ka bar aikin. Ɗan manomi ne shi. Wata shekara damina ta yi musu gardama, wasiƙa ta zo cewa gonar ubansa ta ƙone, ga jarrabawa a gabanmu. Na kwana ina juyi saboda tausayinsa. Shi kuwa da asuba ya yi wanka, ya karanta babinsa, ya buɗe littafin darasi. Na tambaye shi, ya ce huɗa tasa ce, ruwan sama ba nasa ba ne. Har yau in na ji ana wa'azin tawakkali, cewa ka ɗaure raƙuminka sannan ka dogara ga Allah, sai fuskar yaron nan ta faɗo mini. Ban taɓa ganin littafin ya sa shi ragwanci ba.

Tsohuwarku ina jin ta hanyar ƙauna take shigarsa, domin littafin ya buɗe ƙofa uku: ta aiki, ta sani, da ta miƙa zuciya ga abin bauta. Garin da kike ma yana da tarihi a wannan. A shekarar 1290 wani matashi mai suna Dnyaneshwar ya yi sharhin Gita da harshen Marathi, na mutanen yankinku, domin waɗanda ba su jin Sanskirit su samu rabo. Hubbarensa na Alandi, kusa da ku, kuma daga nan ne ayarin nan na masu ziyarar ibada da ke ratsa Pune da damina yake tashi a ƙafa zuwa Pandharpur. Tilak, ɗan Pune mai gwagwarmayar neman 'yancin Indiya, a kurkukun Mandalay na ƙasar Burma ya rubuta nasa sharhin, aka buga a 1915. Shi kiran tashi tsaye ya gani a ciki. Gandhi kuwa ya ce filin dagar cikin zuciyar mutum yake. Ambedkar, jagoran mutanen da ake ƙasƙantarwa a Indiya, ya soki littafin saboda ya tabbatar da rabon mutane aji huɗu, kuma a wannan ina tare da shi, domin na ga da idona yadda ake ƙyamar masu shara a can, abin bai taɓa kwanta mini ba.

Game da kyautar, ki riƙe ta. Ba ke ce Musulma ta farko da ta buɗe shi ba. Al-Biruni ya koyi Sanskirit, ya kawo maganganun Gita cikin littafinsa kan Indiya wajen 1030, Akbar, sarkin Musulmi na Indiya, kuma ya sa an juya Mahabharata zuwa Farisanci. Karatu don sanin maƙwabci daban, bauta daban. In an kira ki ki rusuna wa gunki ko ki kewaya fitila, ki ba da haƙuri cikin ladabi, za ta gane. Littafin kuma ki ɗora shi a sama, kan kanta ko tebur, kada ki ajiye a ƙasa ko ki tsallake shi, domin a wurinsu taɓa littafi da ƙafa babban abu ne. In za ki fara, ki karanta babi na 2, sai na 12, baiti 20 ne kacal, a nan aka siffanta mutumin da ba ya ƙin kowace halitta. Sannan ki tambaye ta babin da ta fi so.

Ki isar mata da ta'aziyyata. In kin zo hutu ki tuna mini in ba ki dabino da zuma ki kai mata. Kilishi kam kada ki shigar mata da shi gida, domin a addininsu ana ƙin cin naman shanu. Kowa na gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka.

Kawunki